Fitsarin kyanwa da na kare a gida: yadda za a wanke shi ba tare da an jawo wa kai wata cutar ba

A gidajenmu da yawa ana ajiye kyanwa ne saboda ɓeraye, ana ajiye kare saboda gadi, wasu kuma suna kiwon zomaye a bayan ɗaki saboda yara ko saboda kasuwa. Duk wanda ya zauna da ɗaya daga cikin waɗannan dabbobi ya san cewa ko ba daɗe ko ba jima sai ya tarar da fitsari a inda bai kamata ba, ko a kan kafet ɗin falo, ko a lungun bayan kujera, ko a kan katifar yara, ko ma a kan dardumar da aka manta ba a naɗe ba bayan sallar isha'i. Ni ma ina da kyanwa a gida, kuma abin da na lura da shi a wurin jama'a shi ne, da zarar zarnin ya bugi hancin mutum sai hannunsa ya kai ga abu mafi ƙarfi da ke cikin banɗaki, wato bilic ko Izal ko ruwan wanke masai, wani lokaci ma ya haɗa biyu ko uku a bokiti ɗaya don a yi ta ta ƙare. A ganina haɗarin da ke cikin wannan gaggawa ya fi haɗarin da ke cikin fitsarin kansa a mafi yawan lokuta, kuma ruwan sanyi da tsumma da sabulu, idan an bi su a jere kuma an ba su lokaci, sun fi waɗannan magunguna cire zarnin.

Kafin a kai ga wanki, yana da kyau a san abin da ake wankewa. Mafi yawan fitsari ruwa ne, sauran kuma gishiri ne iri-iri da wani sinadari da ake kira yuriya, wanda jiki ke fitarwa bayan ya sarrafa abinci mai gina jiki kamar nama da kifi. Sabon fitsari ba shi da wari mai tsanani. Abin da ke faruwa shi ne, idan ya kwana a ƙasa, ƙwayoyin bakteriya da ke ko'ina a gida sukan farfasa yuriyar nan su mayar da ita ammoniya, kuma ammoniya ita ce ke yi wa mutum yaji a hanci da ido idan ya shiga ɗakin da aka rufe. Saboda haka duk sa'ar da fitsarin ya ƙara a wurin, aikin wanke shi yana ƙara wuya.

Na kyanwa ya fi na kare naci saboda dalilai biyu. Na farko, kakannin kyanwar gida dabbobin daji ne na busassun ƙasashen Gabas ta Tsakiya da arewacin Afirka, ƙodarsu ta saba tattalin ruwa, don haka fitsarinta kaɗan ne amma mai kauri. Na biyu, a cikinsa akwai wani sinadari mai suna felinin, wanda idan ya fara lalacewa yake fitar da wari mai ɗauke da farar wuta, kuma muzurun da ba a fiɗiye ba ya fi kowace kyanwa yawan fitar da shi. Wannan wari saƙo ne da muzuru ke bar wa 'yan'uwansa cewa wurin nasa ne, shi ya sa aka halicce shi mai daɗewa, shi ya sa kuma muzuru ba ya tsugunawa idan zai yi irin wannan alama: yakan juya baya ne ya ɗaga jela ya fesa a jikin bango, ko ƙofa, ko labule, ko tayar mota.

Mai wanke fitsarin dabba yana neman abubuwa uku ne a lokaci guda, kuma rikicin yana farawa ne idan ya ɗauka abu ɗaya zai biya masa su duka. Yana neman tsarki, domin a gidan Musulmi kusan kowane fili na ɗaki yana iya zama wurin sallah. Yana neman kariya daga cuta. Yana kuma neman warin ya tafi gaba ɗaya, ba a hancinsa kawai ba, har da hancin dabbar, domin muddin tana jin ragowar warin za ta ɗauki wurin a matsayin makewayinta ta dawo.

Ta fuskar tsarki, akwai wani ruɗani da nake yawan ji. Mutane sun san hadisin Abu Ƙatada da ke nuna cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana daga cikin masu kai da kawo a tsakaninmu, sai wasu su ɗauka hukuncin ya haɗa har da fitsarinta. Hadisin yana magana ne a kan jikinta da ragowar ruwan da ta sha. A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi, fitsarin dabbar da cin namanta haramun ne ko makaruhi najasa ne, kuma kyanwa da kare duk suna cikin wannan sahu, alhali fitsarin tunkiya da akuya da zomo mai tsarki ne matuƙar ba najasa suke ci ba. Abin da ya fi muhimmanci ga mai wanki shi ne, a wannan mazhaba ba a ɗauke hukuncin najasa sai da tsantsar ruwa wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canza ba. Ma'ana, ruwan sabulu da ruwan bilic da ruwan Dettol suna iya gusar da ainihin ƙazantar, amma sai an bi su da ɗauraya da ruwa zalla kafin wurin ya tsarkaka. Wannan sharaɗi ya yi daidai da abin da lafiya ke buƙata, domin ɗaurayar ƙarshe ita ce ke kwashe ragowar sinadaran da yaro mai rarrafe zai taɓa ya kai baki, ko kyanwa ta taka ta lashe.

Idan fitsarin sabo ne, aikin farko shi ne tsanewa. A sa safar hannu ta roba, idan babu a zura hannu cikin leda mai kauri, a ɗauko tsohon tawul ko tsumma mai shan ruwa a shimfiɗa a kai a danna, a canza wani a sake dannawa, har sai tsumman ya daina jiƙewa. Kada a dirza, domin dirzawa tana tura fitsarin cikin zaren kafet ne kuma tana faɗaɗa wurin, kuma kada a fara da abin goge ƙasa mai sanda wanda za a zagaya da shi duk ɗakin, domin hakan rarraba najasar ne daga wuri ɗaya zuwa ko'ina. A kan tayil ko siminti ana iya zuba yashi ko garin katako ya shanye, sannan a kwashe da abin kwasar shara a ƙulle a leda. Bayan an tsane sai a zuba ruwan sanyi kaɗan a sake tsanewa, sau biyu ko uku. Ruwan zafi ba shi da wuri a wannan mataki, domin zafi yana sa abubuwan da ke cikin fitsarin su kama zaren tufa da na kafet, kuma tururin yana ɗaga warin ya cika ɗakin. Idan fitsarin ya taɓa soket ko wayar wuta da ke ƙasa, abin da muzurai ke yawan yi, to a kashe wutar daga babban makunni kafin a taɓa komai, domin fitsari ruwan gishiri ne, wuta tana bin sa sosai.

Yanzu sai maganar bilic, wadda ita ce ta fi damuna. Sinadarin da ke cikin bilic irin su Hypo da Jik, idan ya haɗu da ammoniya ko da yuriya, yana fitar da iska mai guba da ake kira kuloramin. Wanda ya taɓa shiga wurin ninkaya na otal ya ji wani wari mai yaji, ya fito da jajayen idanu, ya riga ya ɗanɗana ta kaɗan, domin haɗuwar kulorin, sinadarin da ake zubawa a ruwan don kashe ƙwayoyin cuta, da gumi da fitsarin masu ninkaya ce ke haifar da ita. To a ƙaramin banɗaki ko sito mara taga, idan mutum ya tsiyaya bilic zalla a kan fitsarin da ya taru, ko a cikin kwandon yashin da kyanwa ke fitsari da kashi a ciki, wanda ya kwana biyu ba a zubar ba, kuma ya sunkuya a kai yana gogewa, abin da zai shaƙa ya ninka wancan nesa ba kusa ba. Alamunsa su ne hawaye, da zafin maƙogwaro, da tari, da nauyin ƙirji, kuma ga mai asma ko tsoho ko jariri abin yana iya kai wa ga kwanciya a asibiti.

Haɗin da ya fi wannan muni shi ne bilic da duk wani abu mai tsami. Ruwan wanke masai irin su Harpic mai cire tsatsa da dattin da ya daskare yana ɗauke da asid mai ƙarfi, ruwan khal da lemun tsami su ma asid ne duk da cewa masu rauni ne, kuma duk wanda aka haɗa da bilic a cikinsu yana sakin iskar kulorin tsagwaronta. Wannan ita ce iskar da sojojin Jamus suka saki a kan abokan gabarsu a Ypres ta ƙasar Beljiyam a watan Afrilun 1915, a yaƙin duniya na farko. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka ƙasa-ƙasa take kwanciya, daidai inda yaro mai rarrafe da kyanwa da ɗan kwikwiyo suke numfashi. Ba lallai ne sai an haɗa su a bokiti ɗaya ba. Idan aka zuba khal a wuri, ba a ɗauraye ba aka bi shi da bilic, an riga an haɗa. Idan hakan ta faru, kada a tsaya neman wani abin da za a ƙara don ya kashe ƙarfinsa. A fitar da kowa waje, mutane da dabbobi, a buɗe ƙofofi da tagogi, wanda abin ya shiga idonsa ya wanke da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, wanda kuma tarinsa ya ƙi tsayawa ko numfashinsa ya yi wuya a kai shi asibiti, a tafi da robobin abubuwan da aka haɗa domin likita ya gani.

Bayan wannan haɗari, bilic bai ma cika biyan buƙatar ba ta wajen kyanwa, domin kyanwoyi da yawa warinsa jan hankalinsu yake yi, za a ga suna shinshina wurin suna birgima a kai. Haka nan duk wani abin goge-goge mai ɗauke da ammoniya, kamar wasu magungunan goge gilashi, a hancin dabba kama yake da fitsarin wata dabba, sai ta ga ya wajaba ta ɗora nata a kai.

Izal da Dettol kuwa matsalarsu ta wani ɓangare ce. Su da ire-irensu da ke yin fari kamar madara idan an zuba su a ruwa suna ɗauke da sinadarai na dangin fenol, kuma hantar kyanwa ba ta da isasshen abin da ke farfasa wannan dangi kamar yadda hantar mutum ke yi. Kyanwa kuma dabba ce mai lasar jikinta a kowane lokaci. Idan ta taka ƙasan da aka goge da su bai bushe ba, ta koma gefe ta lashe ƙafafunta, gubar ta shiga ke nan, kuma abin da ke biyo baya yana iya zama dalalar da miyau, da gyambo a harshe, da amai, da kasala, har da mutuwa idan abin ya yi yawa. Ni a gidana na daina amfani da su a duk inda kyanwa ke takawa, wanda kuma ya ga ba makawa sai ya yi amfani da su, to ya surka yadda aka rubuta a jikin kwalbar, ya ɗauraye, ya tsare dabbar a wani ɗaki har ƙasan ya bushe sarai. Ƙwallayen kafur da ake jefawa a lungu don su danne wari su ma guba ne ga kyanwa da kare, kuma ga yara masu wani rauni na gado a jajayen ƙwayoyin jini, wanda ba baƙon abu ba ne a yankinmu, suna iya farfasa jinin su jawo shawara. Kalanzir da wasu ke yayyafawa bai cancanci a tsaya dogon bayani a kansa ba: yana kama wuta, yana cutar da huhu, kuma ba ya cire komai. Turaren wuta da humra da feshin ɗaki ba su da laifi bayan an gama wanki, amma yin su a kan zarnin da ba a wanke ba daidai yake da sa sabuwar riga a jikin da ba a yi wa wanka ba.

Duk wannan ba ya nufin a kori bilic daga gida. Yana da wurinsa, kuma wurinsa shi ne ƙarshen aiki, a kan abu mai tauri kamar tayil da siminti da roba, bayan an kwashe fitsarin an wanke da sabulu an ɗauraye. A duba jikin robar a ga ƙarfinsa. Idan an rubuta kashi 3.5 cikin 100, to ma'auni ɗaya na bilic da ma'auni 6 na ruwan sanyi suna bayar da haɗi mai ƙarfin rabin kashi ɗaya cikin 100, wanda shi ne ake amfani da shi a asibitoci a kan ƙazantar da ta fito daga jiki. A bar shi a wurin minti 10, taga a buɗe, sannan a ɗauraye. A riƙa haɗa sabo a ranar da za a yi aiki, domin wanda ya kwana ƙarfinsa ya ragu, zafi da hasken rana kuma suna ƙara lalata shi.

Inda wannan mataki ya fi zama dole shi ne wajen fitsarin kare. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna leftosfira da ke zama a ƙodar ɓeraye da karnuka da shanu, tana fita ta fitsarinsu, wani lokaci ba tare da dabbar ta nuna alamar ciwo ba. Tana shiga jikin mutum ta rauni ko faso a ƙafa, ko ta ido da baki, kuma tana iya rayuwa makonni a cikin laka da ruwan da ya kwanta, shi ya sa ta fi yaɗuwa da damina da lokacin ambaliya. Wani likita Bajamushe mai suna Adolf Weil ne ya bayyana nau'inta mai tsanani a 1886. Tana farawa da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon sharaɓa da jan ido, abin da kowa a nan zai kira maleriya ya je kemis, amma idan ta yi nisa takan kawo shawara ta taɓa ƙoda. Ana warkar da ita da maganin kashe bakteriya idan an gano ta da wuri, kuma akwai allurar rigakafinta ga karnuka. Saboda haka mai wanke kejin kare ko lungun da kare ke fitsari ya sa takalmin roba da safar hannu, kada ya shiga da ƙafa tsirara, kada ya watsa ruwa da ƙarfi yadda zai fallatsa masa a fuska, kuma kada wannan aiki ya zama na ƙananan yara ko almajirin gida ba tare da an ba shi waɗannan kaya ba. Ruwan wankin a bi da shi ta kwata, nesa da rijiya da randa da wurin wanke-wanke.

Tunda yawancinmu saboda ɓera muka kawo kyanwa, ya kamata a tuna cewa fitsarin ɓeran ya fi nata haɗari. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa, kuma ya fi tashi da rani. Idan an ga alamun ɓera a sito ko bayan buhunan hatsi, kada a share da tsintsiya a bushe ƙura ta tashi. A jiƙa wurin da surkakken bilic, a jira, sannan a kwashe da safar hannu. Mushen ɓeran da kyanwa ta ajiye a bakin ƙofa shi ma ba a ɗaukarsa da hannu.

Ga wari kuwa, abin da ya fi aiki shi ne sabulu mai ɗauke da enzayim, wato sinadaran da ke farfasa ƙazantar da ta fito daga jikin mai rai. A manyan shagunan birane da wajen wasu likitocin dabbobi ana samun wanda aka yi musamman don fitsarin dabba. Inda babu, garin sabulun wanki na zamani irin su Ariel da Omo yana ɗauke da enzayim, kuma ma'auni ɗaya a cikin ma'auni 10 na ruwa mai ɗumi kaɗan yana yin aiki mai kyau. Sirrinsa lokaci ne. A jiƙa wurin yadda haɗin zai kai duk inda fitsarin ya kai, a bar shi aƙalla minti 15, ga tsohon fitsari ma har awa ɗaya, a rufe da tsumma mai danshi kada ya bushe, sannan a tsane a ɗauraye. Bilic da tafasasshen ruwa suna kashe enzayim, don haka ba a haɗa su. Ruwan khal da aka surka da ruwa daidai wa daida yana rage yajin ammoniya a tsohon fitsari, bekin soda kuma yana shanye ragowar wari idan an barbaɗa shi a wuri mai ɗan danshi aka bar shi ya kwana aka share. Amma a yi su ɗaya bayan ɗaya. Masu bidiyo a intanet suna son haɗa khal da soda saboda kumfar da ke tashi, alhali kumfar alama ce ta cewa kowanne ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. Haidurojin na wanke ciwo da ake sayarwa a kemis, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, yana cire tabo da wari, idan mai kashi 6 ne a surka shi da ruwa daidai da shi, amma yana iya cinye launin kafet ko yadin kujera, don haka a fara gwadawa a gefen da ba a gani, kuma kada a zuba shi a kwalba ɗaya da khal.

Kowane irin ƙasa da tasa matsalar. Tayil ba ya shan ruwa, amma layin siminti da ke tsakanin tayil da tayil yana sha, nan ne za a bi da tsohon buroshin haƙori. Tarazo da marmara ba sa jure wa tsami, khal da lemun tsami da ruwan wanke masai suna cinye ƙyallinsu su bar tabo na dindindin, saboda haka a tsaya ga sabulu da ruwa. Simintin da ba a shafe da fenti ba yana tsotse fitsari zuwa ciki, sai an jiƙa an goge da buroshi an ɗauraye an bari ya bushe an maimaita, idan kuma wurin ya shekara yana sha, to bayan wankin ƙarshe da bushewa sosai a shafa masa fentin ƙasa ya toshe ƙofofin. Ledar ɗaki ita ce mai yaudara: samanta yana gogewa tas cikin minti ɗaya, amma fitsarin ya riga ya bi ta gefe ko ta inda aka haɗa biyu ya kwanta a ƙarƙashi inda iska ba ta shiga. Sai an ɗaga ta an wanke bayanta da simintin da ke ƙasa, an bar su sun bushe kafin a mayar. A tsakar gida mai ƙasa ko rairayi aikin ya fi sauƙi, a kwashe jiƙaƙƙen wurin da shebur a zuba sabo, ko a kwarara masa ruwa mai yawa kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a zuba guga guda a kan fitsarin baƙauyen nan a masallaci, sauran aikin kuma rana za ta yi.

Kafet mai soso a ƙasa da katifa da kushin su ne masu cin rai, domin abin da ido ke gani a sama ƙarami ne a kan abin da ya bazu a ciki. A ɗora tawul a taka da ƙafa cikin takalmi don nauyin jiki ya matso abin da ke ciki, a zuba haɗin sabulun ya wuce iyakar tabon da kamar faɗin tafin hannu ta kowane gefe, a sake matsewa, a bi da ruwa zalla, a sake matsewa. Katifa ba a yi mata ambaliya, domin soson da ya jiƙe har tsakiya yana iya yin kwanaki bai bushe ba, ya yi funfuna, a fita daga wari ɗaya a shiga wani. A fitar da ita rana a jingine ta a tsaye yadda iska za ta bi ta gaba da baya. Da hunturu da bazara wannan ba wuya, amma a watan Agusta sai an haɗa da fanka. Idan kyanwa ta mayar da wata katifa ko wani matashi makewayinta na tsawon watanni, gaskiyar magana ita ce babu wankin da zai dawo da soson, canza shi ya fi arha a kan sabulun da za a ƙarar. Darduma da zanin gado da labule kuwa a fara ɗauraye su da ruwan sanyi su kaɗai, ba tare da sauran wanki ba, a jiƙa su a ruwan sabulu, a wanke, a ɗauraye har ruwan ya fita fes, a shanya a rana, kuma kada a sa musu dutsen guga sai an shinshina an tabbatar warin ya tafi, domin zafin guga yana kafe shi.

Da yawa suna mamakin yadda ɗakin da ya yi watanni lafiya yake tashi da zarni da zarar damina ta sauka. Dalilin shi ne gishirin fitsarin da ya bushe a cikin kafet ko siminti yana jawo danshin iska, bakteriya su farfaɗo su ci gaba da aikinsu. Wahalar ita ce gano wurin, tunda tabon ba ya ganuwa. A nan ƙaramar tocilan mai shuɗin haske irin wadda 'yan kasuwa ke duba jabun kuɗi da ita tana da amfani, domin busasshen fitsari yana ƙyalli da launin rawaya-rawaya a ƙarƙashinta idan an kashe fitilu da dare. A zagaye wurin da alli, a duba har jikin bango da ƙafafun kujeru zuwa tsayin gwiwa. Ragowar sabulun wanki shi ma yana ƙyalli, amma nasa fari ne mai shuɗi-shuɗi, sai a haɗa da hanci a tantance.

Fitsarin zomo daban yake, yana ɗauke da alli mai yawa, shi ya sa yake barin farin daskararren tabo a keji, wanda sabulu ba ya cirewa. Khal yana narkar da shi cikin 'yan mintuna, a ɗauraye a shanya kafin a mayar da zomayen.

Mace mai juna biyu ya fi kyau ta bar wa wani aikin kwandon yashin kyanwa. Matsalar a nan ba fitsarin ba ne, kashin ne, domin yana iya ɗauke da ƙwayar toksofilasma mai cutar da ɗan tayi. Ƙwayar tana buƙatar kwana 1 zuwa 5 bayan fitarta kafin ta iya kama mutum, don haka kwashe kashin a kullum yana rage haɗarin sosai, idan kuma ba wanda zai karɓe ta, ta sa safar hannu ta wanke hannu da sabulu bayan ta gama.

Wanki kaɗai ba zai raba mutum da wannan aiki ba idan bai duba dalilin da ya sa dabbar take yi ba. Kyanwa dabba ce mai tsafta da son binne abin da ta fitar, kuma a gidajen da aka shafe tsakar gida da siminti ko tayil gaba ɗaya, aka rufe ƙofa da dare, ba a bar mata inda za ta tona ba. Faffaɗan baho mara zurfi da yashi mai laushi a ciki, a lungu mai natsuwa nesa da kwanon abincinta, yana magance mafi yawan matsalar, da sharaɗin a riƙa kwashe jiƙaƙƙen wurin kullum, a zubar da yashin duka a wanke bahon da sabulu da ruwa duk mako. Idan kyanwoyin sun fi ɗaya kowacce ta samu nata, a ƙara ɗaya a kai. Muzuru kuma a kai shi asibitin dabbobi a yi masa fiɗiya, domin mafi yawansu suna daina feshi bayanta, ƙarfin warin ma yana raguwa. Ɗan kwikwiyo yana buƙatar a fitar da shi da zarar ya farka da kuma bayan ya ci abinci, a wuri ɗaya kullum, har ya saba. Duka da tsawa da dangwara hancin dabba a cikin fitsarinta ba sa koya mata komai sai tsoron mai ita, sai ta koma yi a ɓoye a ƙarƙashin gado inda ba za a gani ba sai ya tsufa.

Dabbar da ta saba da wurinta kuma ta canza hali kwatsam, a fara zargin ciwo kafin a zargi taurin kai. Yawan shan ruwa da yawan fitsari a dabbar da ta manyanta suna iya nuna ciwon suga ko ciwon ƙoda, jini a fitsari ko yin sa ɗigo-ɗigo yana nuna kumburin mafitsara ko tsakuwa. Mafi gaggawa shi ne muzurun da ke ta tsugunawa yana yunƙuri yana kuka, yana lasar gabansa, amma babu abin da ke fita. Wannan toshewar hanyar fitsari ce, kuma tana iya kashe shi cikin kwana 2 zuwa 3, saboda haka a ranar za a kai shi wurin likitan dabbobi, ko asibitin dabbobi na jiha, ko na koyarwa irin waɗanda ke jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri ga waɗanda ke kusa. Kafin a isa can kada a matsa masa mara da hannu, kuma kada a ba shi farasitamol don rage zafi, domin wannan rauni na hanta da ya sa Izal ke cutar da kyanwa shi ne ya sa ƙwaya ɗaya ta farasitamol take iya kashe ta.